Coci biyu a Jamus: a sāke gini ko a bar kufai?

Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rusa cocin Lutheran biyu: Frauenkirche a Dresden a 1945, da Nikolai a Hamburg a 1943.

Mutanen Dresden sun tsince tsoffin duwatsun daga ɓaraguzai, suka sāke ginin bisa zanen George Bähr, wanda ya tsara ginin cocin na asali, aka buɗe shi a 2005. Har yau baƙaƙen duwatsun da suka tsira suna nan tsakanin sabbin farare, kowa na gani.

Hamburg kuwa ta bar kufan da hasumiyarsa mai tsayin mita 147 abin tunawa, ta gina sabon coci a unguwar Harvestehude a 1962.

Ni dai hanyar Dresden ta fi kwanta mini, domin masu ibada sun koma wurinsu na asali.