Yawon jirgin ruwa a Mikołajki: tafkin ya biya ni, masu jirgin kuma sai a hankali

Ƴan uwa masu karatu a Polan da ke shirin zuwa yankin Mazuri hutun bazara, ku ji yadda muka yi da masu jirgin yawon buɗe ido na Mikołajki. A wajen yankan tikiti an rubuta ɓaro-ɓaro cewa akwai bayanin tarihin gari da Turanci, don haka na biya ban ko yi ciniki da raina ba. Muna tashi lasifika ta fara magana da yaren Polan, ta gama ta koma Jamusanci, shi ke nan. Na je na tambayi yaron jirgin ina Turancin, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da naɗe igiyarsa. Wallahi raina ya ɓaci sosai.

Wani dattijo da ke zaune kusa da ni da jikansa ne ya ga na cika na batse, ya matso ya fara fassara min da ɗan Turancinsa, har ya zarce abin da lasifikar ke faɗa. Ashe garin nan har 1945 yana cikin Gabashin Prusiya ne, wani yanki na ƙasar Jamus a wancan lokacin, Jamusawa na kiransa Nikolaiken, shi ya sa har yau suke zuwa da yawa ganin ƙasar kakanninsu, kuma shi ya sa masu jirgin suka fi ji da su. Ya ce tun 1444 sunan wurin ya fito a rubuce, daga waliyyin Kirista Nikolas aka samo shi, sai a 1726 ya zama gari sosai. Da muka zo gada ya nuna min gunkin kifi sanye da kambi an ɗaure shi da sarƙa, wai sarkin kifaye ne da ke yaga tarun masunta yana kife musu kwale-kwale har suka kama shi suka ɗaure.

Daga nan muka fita Śniardwy, tafki mafi girma a Polan, sama da murabba'in kilomita 113. Kai jama'a! Ruwa iya ganinka, iska mai sanyi na dukan fuska. Dattijon ya ce ƙanƙarar zamanin da ce ta haƙa tafkunan nan, kuma wannan ba shi da zurfi sosai, iska kaɗan sai igiyar ruwa ta tashi, a watan Agustan 2007 guguwa ta kashe mutum 12 a tafkunan yankin. A lokacin har na ce kuɗina sun halatta.

Amma fa ko da muka sauka abin ya dawo min sabo, domin duk abin da na ƙaru da shi daga bawan Allahn nan ne, ba daga su ba. Na koma wajen mai tikiti na yi ƙorafi ta ce na'urar ce ta lalace, ko haƙuri ba ta ba ni ba balle ragin kuɗi. Garin kam ku je, amma kafin ku biya ku sa a kunna muku Turancin ku ji da kunnenku.