Ajin koyon rawar sønderhoning a Esbjerg: ya yi, amma ku yi magana tun daga ƙofa

'Yan uwa mata da muke zaune nan Danmak kuna ta tambayata ko ajin rawar gargajiyar da muke zuwa ni da maigida ya cancanci kuɗinsa, toh amsata eh ya cancanta wallahi, sai dai akwai sharaɗi guda wanda in ba ku kula da shi ba ranar farko za ku fito rai a ɓace.

Ƙungiya ce ta masu rawar gargajiya, irin waɗanda kusan kowane gari yake da su, suna haɗuwa da yamma sau ɗaya a sati a ɗakin motsa jiki na wata makaranta, ana farawa wajen Satumba a rufe idan sanyi ya wuce. Daren farko kyauta ne don mutum ya gwada, in ya yi maka sai ka biya kuɗin zango gaba ɗaya ta MobilePay, manhajar biyan kuɗi ta waya, kuma gaskiya ba tsada in ka duba yadda komai yake cin kuɗi a ƙasar nan. Abin ba sabo ba ne, tun 1901 aka kafa ƙungiyar farko ta raya waɗannan raye-rayen a babban birninsu, suka bi ƙauyuka suna rubuta takun da tsofaffi suke yi kafin ya ɓace.

Ga sharaɗin. Yawancin raye-rayen da ake yi a irin wannan aji na da'ira ne, ana kama hannu ana zagayawa, kuma a wasu ana canjin abokin rawa, kina hannun mijinki kafin ki ankara kin koma hannun wani dattijo shi ma ya koma hannun matar wani. Su a wajensu zumunci ne ba komai ba, mu kuwa kun san ba zai yiwu ba. Tun daga bakin ƙofa maigida ya samu malamar ya ce mata mu da juna kaɗai za mu yi, ko a fuska ba ta nuna komai ba, ta ce to in an zo na musanya mu zauna mu huta, in an zo na mutum biyu mu tashi. Kuma ta riƙe maganarta, ita ce ma take ɗaga mana hannu kafin a fara wadda ba tamu ba. Wannan kaɗai ya sa na ba su maki mai yawa.

Cikin na mutum biyun akwai vals da polka da hopsa, amma wadda ta tafi da zuciyata sønderhoning ce. Asalinta ƙauyen Sønderho ne a kudancin tsibirin Fanø, nan kusa da mu, minti 12 ne a jirgin fito daga Esbjerg zuwa Nordby, garin da ke arewacin tsibirin, sannan ka hau bas ka gangara kudu. Mutanen tsibirin nan matuƙan jirgin ruwa ne tun da can, a 1741 suka haɗa kuɗi suka sayi tsibirin daga hannun sarki, kuma rawar ba ta taɓa mutuwa a wajensu ba balle a ce tono ta aka yi daga takarda, har yau da ita ake bikin aure, zuri'ar Brinch ma sun yi ta gadon gogen kiɗanta kaka da kakanni.

Yadda take: da farko tafiya ce kawai kafaɗa da kafaɗa, namiji ya riƙe wuyan hannun matarsa na hagu da damansa, ba tafin hannu ba, wuyan hannu daidai inda awarwaro yake zama, don haka ki cire awarwaronki kafin ki zo. Daga nan sai ya shiga gabanta su rungumi juna su fara juyi. Nan ne gizo yake saƙa, domin kiɗan bugu bibbiyu yake tafiya amma juyi ɗaya bugu uku yake ci, wato kunnenki yana jin ɗaya biyu ɗaya biyu ƙafarki kuma tana ƙirga uku, sai bayan juyi biyu ku sake haɗuwa da kan kiɗan. Kamar lugude ne, kowace taɓarya da lokacinta amma turmi ɗaya. Babu tsalle babu girgiza jiki, sulalewa ake yi a hankali, kuma dole kowa ya ɗan jingina baya ya bar nauyinsa a hannun ɗan uwansa, in ɗaya ya ƙi sakin jiki juyin ba zai tashi ba. Malamar ba ta yi mana gaggawa ba, ta sa muka yi ta takun kowa shi kaɗai a kan layin fentin da ke ƙasan ɗakin kafin ta haɗa mu, in ta ga an rikice sai ta sa mai goge ya rage gudu. Eh, makaɗa ne a zaune da goge da akodiyon ba sifika ba, kuma bambancin a fili yake tunda mai gogen idonsa yana kan ƙafafun mutane.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Duk bayani da yaren Danish ne, na yankin nan kuma mai haɗiye rabin kalma, wanda bai jima a ƙasar ba zai sha wuya sai dai ya bi da ido. Sannan ba su ware ajin sababbi ba, an cakuɗa mu da waɗanda suka shekara da shekaru suna yi, kuma lokacin da ake ba sønderhoning ɗin kaɗan ne, wani daren rabinsa a zaune muke muna kallo alhali kuɗinmu ɗaya da kowa. Wannan yana min ciwo gaskiya, na kuma gaya musu. Yawancinsu tsofaffi ne, kada ki zo da tunanin samun sa'o'inki.

A tsakiya ana hutu, kowa ya fito da fulas ɗinsa na kofi da kofinsa, a yanka kek a rera waƙa tare. Ni shayina nake kawowa, kek ɗin kuma ina tambaya ko da giya ko jelatin a ciki, ba wanda ya taɓa ɗaure min fuska. Mayafina ma bai zama abin kallo ba, wata tsohuwa har hoton kayan gargajiyar matan Fanø ta nuna min a wayarta, siket a kan siket da ɗankwali ɗaure tam ya rufe gashi.

Ku zo da takalmin cikin ɗaki mai ɗan santsi a ƙasa, mai roba yana kama dandamali ya murɗe gwiwa, abaya mai jan ƙasa kuma a bar ta a gida. In kuna so ku ga yadda masu abin suke yinta kafin ku biya, ku tsallaka Sønderho ranar bikinsu na shekara a watan Yuli.