Bas ɗin HiAce da aka mayar ɗakin kwana: yadda yake ɗaukar kare a tafiyar yini guda

Motar da aka ƙera tun daga kamfani da gado da kicin a cikinta ba kasafai ake ganinta a titunan Kano ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sami bas ƙirar Toyota HiAce mai dogon rufi, wanda muke kira Hummer, a kwance kujerun baya, mai walda ya ɗaura ƙarafa, kafinta ya shimfiɗa filawud, mai lantarki ya ja waya. Ƙarfe da kayan gyara akwai su a Ƙofar Ruwa, katako kuma a 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Irin wannan bas ɗin muke dubawa a nan, kuma da ma'auni guda: mutum zai fita da karensa, na gadi ne ko na farauta, tun bayan Asuba, ya nufi wuri kamar madatsar ruwa ta Tiga, ya dawo kafin Magariba. Shin motar tana riƙe amanar dabbar?

Amsar ta danganta da watan da ake ciki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana riƙewa sosai. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba ta riƙewa sai an ƙara mata abubuwa biyu ko uku da masu haɗa ta suka saba mantawa.

Abin yabo na farko shi ne fili. Bayan an cire kujeru, kejin babban kare yana zama ba tare da ya tare hanyar wucewa ba, kuma ƙofar gefe mai zamewa tana da faɗin da za a shigar da shi ba sai an karkata ba. Ga kare ɗan Jamus mai kilo 30, a nemi keji mai tsawon kusan santimita 105, faɗi 70, tsayi 75 zuwa 80. Karen gida mai kilo 15 zuwa 20 santimita 90 ta ishe shi. Ƙa'idar dai ita ce ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa sama ba, ya iya juyawa, ya kwanta ya miƙe ƙafa. Kada a yi masa ƙaton keji don tausayi, domin in aka taka birki da ƙarfi, yawan filin ne zai ba shi damar bugawa da ƙarfe.

Inda za a ajiye kejin shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Injin wannan samfurin na HiAce, wanda aka fara fitarwa a 2004, yana ƙarƙashin kujerun gaba ne. Duk wanda ya taɓa zama a layin bayan direba ya san tudun nan da ke ɗumama ƙafa. Kafinta yakan so ya manna kejin a nan saboda wurin ya yi daidai, amma bayan tafiyar awa guda kare yana kwance ne a kan zafi. Can ƙurya kuma, saman tayoyin baya, nan ne mota ta fi jijjiga, kuma nan ne kare ya fi saurin amai. Tsakiya ce wurinsa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, daura da ƙofar gefe. A ɗaure shi da bel ɗin ɗaure kaya mai ƙugiya guda biyu, a maƙala su a ramukan notin da aka kwance kujeru, domin waɗannan ramukan a jikin ƙarfen mota suke. Ƙusa ko sukuru da aka kafa a filawud ba ɗauri ba ne. Birki ɗaya mai kyau zai tumɓuke shi.

Sai babban aibin motar, wato sanyi. Iyakwandishan ɗin HiAce yana da kyau, har da ƙofofin iska a rufin baya, amma da injin yake aiki. Ana kashe mota a gidan mai ko a bakin masallaci, sanyi ya tafi, rufin ƙarfe ya fara gasa cikin. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya amfani in iskar da yake shaƙa ita ma ta yi zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. In ya kai 41 an shiga hatsari. Sauke gilashi kaɗan ba ya magance komai.

Wasu masu haɗawa sukan nuna batir da inbata su ce an gama da matsalar. A yi lissafi. Batir mai amfiya 100 a kan bolt 12 yana riƙe da kusan wat 1,200 na awa guda, kuma in irin na ruwa ne rabin wannan kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Iyakwandishan na gida mai ƙarfin doki ɗaya yana jan wat 750 zuwa sama. Ke nan ko awa ɗaya ba zai kai ba. Abin da batirin zai iya ɗauka yini guda shi ne ƙaramin firij da fankar rufi mai zuƙe iska waje, wadda ba ta wuce amfiya 3 ba. Wannan fankar ita ce kayan da ya fi cancantar kuɗinsa a duk motar. Tana fitar da zafin da ya taru a sama, iska kuma ta shigo ta tagar da aka sa wa raga. In bas ba shi da ita, kuma ba a sa abin tare zafi tsakanin rufi da silin ba, to bai dace da kare a bazara ba, komai kyan labulensa. Ko da fankar ma, ba a barin kare shi kaɗai a mota a rana. Mutum ɗaya ya tsaya da shi a inuwa, ƙofar gefe a buɗe, keji a rufe.

Tukunyar gas ma tana buƙatar ido. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in tiyo ya yi yoyo ƙasa take sauka, daidai inda hancin kare yake. Ya kamata tukunyar ta sami akwatinta mai huda a ƙasa da ke fita waje, a kuma rufe kanta kafin a tashi mota. Haka nan kada a yi tafiya ƙofar baya a buɗe wai don iska, hayaƙin salansa yakan dawo ciki ta nan. Ruwan lagireto mai launi kuwa zaƙi gare shi a bakin kare, kuma guba ne mai kashe ƙoda. In ya ɗiga a ƙasa a rufe shi da yashi nan take.

Daɓen ciki: kafet yana kama gashi da wari, ba ya wankuwa. Ledar ƙasa mai kauri, wadda aka ɗaga bakinta ta hau bango kaɗan, ita ce daidai, tsumma da bokiti ɗaya sun gama aikin. A cikin kejin a shimfiɗa tabarmar roba don kada ƙafa ta zame.

Wannan ya haɗu da batun tsarki, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Motar tana taimakawa in an tsara ta: sallaya da buta a kantar sama, kwanukan kare a wani akwati daban a ƙasa, jarkar ruwansa da alama a jiki don kada ta haɗu da ta alwala. Tankin ruwa mai lita 40 ya isa mutum biyu da kare na yini. Kare mai kilo 30 yakan sha kusan lita 2 a rana ta yau da kullum, a zafi kuma yana iya ninkawa, don haka a ware masa lita 5.

Tiga tana da nisan kusan kilomita 70 daga birni, an kuma kammala ta a 1974 zamanin Audu Baƙo. Tafiyar ba ta da tsawo, shi ya sa ta dace da gwajin farko. A ba kare abinci awa uku ko huɗu kafin tashi, ko a bari sai an isa, domin cikin da ya cika ba ya jure gargada. A fita kafin cunkoson Titin Zariya ya haɗu. Bayan an wuce Tamburawa da Kura a tsaya a ba shi ruwa kaɗan. A sa masa igiya tun yana cikin keji, kafin a zame ƙofa. Karnuka da yawa a daidai wannan lokacin suke tsere su faɗa titi. Kafin ya taka kwalta a ɗora bayan hannu a kai na daƙiƙa biyar, in hannu bai jure ba tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. A bakin ruwa akwai garken shanu da awaki da yara, saboda haka igiya ba ta barin wuyansa, takunkumi kuma yana aljihu. Katin allurar haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara, ya kasance tare da takardun mota.

Kafin a juyo gida a duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya, a duba cikin kunne da hammata saboda kaska. Kada a jefa masa ragowar tsire mai albasa ko ƙashin kaza da aka dafa; albasa tana lalata masa jini, ƙashin kuma yana tsagewa ya soke hanji. Paracetamol da ibuprofen ɗinmu ma ba nasa ba ne.

In aka ga haki ya tsananta, miyau yana dalala da kauri, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, a tsaya a inuwa nan take. A zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a kan cikinsa da cinyoyi da tafin ƙafa, a kunna iyakwandishan da fanka, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana riƙe zafi. Daga nan a juya kan mota zuwa asibitin dabbobi, ko da ya nuna ya farfaɗo, saboda illar da zafi ke yi wa ƙoda ba ta bayyana sai daga baya.