Ranar da likitar fata ta sa na cire safa

Ƙanwata ce ta ba ni ƙoda, aka yi dashen a Indiya shekara uku da suka wuce. Tun daga nan nake shan tacrolimus da mycophenolate safe da dare, da prednisolone kowace safiya, don kada jikina ya yi wa baƙuwar ƙodar bore. Da wani tabo baƙi-baƙi mai ruwan shuni ya fito mini a ƙwauri, ba zafi ba ƙaiƙayi, na ce buguwa ce. Likitan ƙoda ne ya tura ni sashen fata na wani asibitin koyarwa a Kano.

Layin ba daɗi. Na karɓi kati da hantsi, ban ga likita ba sai bayan azahar, benci kuma babu isasshe. Amma da na shiga, sai na manta da gajiyar. Likitar fatar ta duba tabon, sannan ta ce, "Malam, cire safa." Ta buɗe tsakanin yatsun ƙafata ɗaya bayan ɗaya, ta duba tafin ƙafa, ta haska mini dasashi da ganɗa da tocila. A ganɗar ta ga wani ƙaramin tabon da ban san da shi ba.

Aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Mako uku ina jira, kuma ni na ɗauki takardar sakamakon da hannuna zuwa wurin likitan ƙoda, domin sassan biyu ba sa magana da juna. Wannan kam ya ba ni haushi.

Sankarar Kaposi ce. Gabana ya faɗi, don na san sunan ne daga masu ƙanjamau. Likitar fatar ta zaunar da ni ta ce gwajin ƙanjamau ɗina lafiya lau. Wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, HHV-8, da ke kwance a jikin mutane da yawa a Afirka ba ta motsi, sai an danne garkuwar jiki, kamar yadda magungunan dashe ke yi, ta farka. Masu farar fata da aka yi wa dashe sun fi fama da sankarar da rana ke jawowa, mu kuma wannan ce aka fi gani.

Aka rage mini magunguna, aka mayar da ni kan wani maganin dashe, sirolimus. Ya sa mini gyambon baki, barkono ya gagare ni wata biyu, amma tabon ƙwaurin ya fara dusashewa. Wata uku-uku nake komawa, yanzu da kujerata ta roba a hannu.