Kayan Ban-Ruwa Mai Sarrafa Kansa: Abin da Mai Lambun Gida a Sakkwato Zai Duba Kafin Ya Saya

Da yawa daga cikin lambunan da ake yi a cikin gidajen Sakkwato suna mutuwa ne tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kuma abin da ke kashe su shi ne kwana biyu ko uku da maigida ya yi tafiya, ko uwargida ta shiga hidimar biki, aka bar ban-ruwa a hannun yara. Saboda haka mutane da dama suka fara neman kayan da za su riƙa shayar da tumatir, tattasai, alayyafo da kuɓewa ba tare da an tsaya a kansu ba. Kayan suna samuwa, amma an ƙera yawancinsu ne domin gidajen da famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana, alhali a nan ruwanmu yana fitowa daga tankin sama, ko rijiya, ko kurar ɗan ga-ruwa. Wanda ya sayi kaya bai fara duba ƙarfin ruwan gidansa ba, yana iya kashe kuɗi mai yawa a kan na'urar da ba za ta taɓa buɗewa ba.

Lissafi biyu ne ya kamata a yi kafin a doshi kasuwa. Na farko shi ne yawan ruwan da lambun zai sha. A lokacin bazara, fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi da ganye ya rufe yana buƙatar kimanin lita 7 zuwa 9 a rana, a hunturu kuwa kimanin lita 5 kan wadatar. Ke nan lambu mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo zai sha kusan lita 160 a rana mai zafi, wato jarka 6 zuwa 7 masu cin lita 25, ko abin da ya kusa cika duro guda mai lita 200. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya dubi wannan adadi da kyau, domin sau da yawa rage girman lambun ya fi masa alheri a kan ƙara kayan aiki. Lissafi na biyu shi ne tsayin tanki. Kowace mita 1 ta tsayi tana ba da matsin ruwa na kashi ɗaya cikin goma na abin da ake kira ba (bar a Turance), ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalayen kayan ban-ruwa. Sai tanki ya kai mita 10 kafin a sami ba 1 cikakke, kuma tankunan gidajenmu galibi suna tsakanin mita 3 zuwa 6 ne. Duron da aka ɗora a kan bulo kuwa ba ya wuce mita 1 ko 2.

Hanya mafi arha, wadda kuma na fi so kowa ya fara dubawa, ita ce binne tukunyar ƙasa. Ana samun tulu ko tukunya da ba a shafa mata fenti ko siminti ba, a binne ta har wuya a tsakiyar shuka, a cika ta da ruwa, a rufe bakin da faifai ko murfi saboda sauro da ƙura. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓun, kuma gwargwadon bushewar ƙasar gwargwadon yadda take jan ruwan, don haka tukunyar da kanta take daidaita abin da shuka ke sha. Kafin a saya, a cika ta a ajiye a inuwa na ɗan lokaci: idan jikinta ya yi gumi ya yi sanyi, ta yi, idan ya zauna a bushe, an gasa ta fiye da kima, ba za ta shayar da komai ba. Tukunya mai cin lita 10 zuwa 15 tana iya riƙe gindin tumatir ko tattasai uku zuwa huɗu da aka dasa kewaye da ita, a riƙa cika ta bayan kwana biyu zuwa huɗu gwargwadon zafi. Iyakarta ita ce danshin ba ya nisa da jikinta, saboda haka ba ta dace da fangalin alayyafo, karas ko albasa da ake shukawa a cunkushe ba, kuma dashen da bai kama ba sai an taimaka masa da ruwan hannu na mako ɗaya ko biyu. Ga mai gindin shuka goma zuwa ashirin wanda tafiyarsa ba ta wuce kwana uku, ban ga dalilin sayen wani abu da ya wuce wannan ba.

Wanda lambunsa ya fi haka girma, ban-ruwan ɗigo ne zai fi yi masa amfani. Siririn tiyo ne baƙi, mai faɗin baki milimita 16, da ƙananan ƙofofi a jere, ana shimfiɗa shi a gindin shuka yana ɗiga ruwa a hankali. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan yana isa ga saiwa, ganye ba ya jiƙewa, ciyawa kuma ba ta samun abin sha a tsakanin layuka. Ba lallai sai da inji ba: cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, inda yanayi da ƙasa suke kama da namu, ta daɗe da nuna cewa tankin da aka ɗaga mita 1 kacal yana iya shayar da lambun kayan miya ta wannan hanya, muddin filin a baje yake kuma layukan ba su cika tsawo ba.

A nan ne mai saye zai gamu da zaɓi na gaske, domin tiyon ɗigo iri biyu ne. Akwai mai laushi kamar leda, wanda ake sayarwa a naɗe a faifai, kaurin jikinsa kimanin milimita 0.2 ne. Yana da arha kuma yana buɗewa da ƙaramin matsi, amma an yi shi ne domin gonar da za a kwashe bayan shuka ɗaya ko biyu, ɓera yana huda shi don neman ruwa a bazara, fartanya ma da ta taɓa shi ta yanke. Akwai kuma mai kauri, kusan milimita 1, wanda ya fi tsada amma yana yin shekaru. Araha ba ta ado, kuma tun da lambun gida bai cika buƙatar fiye da mita 30 zuwa 50 ba, bambancin kuɗin ba zai yi yawa ba, don haka mai kaurin nake ba da shawara. Sai dai a kula da wani nau'insa da ake tallatawa da cewa yana daidaita matsin ruwa da kansa: wannan yana buƙatar kusan rabin ba zuwa ba 1 kafin ya yi aiki daidai, ba zai yi wa mai duro amfani ba. A nemi na talaka wanda ba shi da wannan dabara. Tazarar ƙofofin ma tana da muhimmanci ƙwarai a ƙasarmu. A jigawa mai yashi, wadda ita ce a yawancin unguwannin gari, ruwa yana nutsewa ƙasa a tsaye ba ya yaɗuwa gefe, saboda haka tazarar santimita 20 ta fi ta 30 ko 40. Masu gidaje a gefen fadama inda ƙasa ke da laka, 30 ta ishe su.

Tiyo shi kaɗai ba ya buɗe kansa. Abin da ke mai da tsarin ya zama mai aiki ba da mutum ba shi ne taima, ƙaramar na'ura mai batir biyu da ake ɗaurawa a bakin famfon tanki, a saita mata lokacin buɗewa da na rufewa. Ita ma iri biyu ce, kuma daga waje kusan kamarsu ɗaya, shi ya sa aka fi yin asara a kanta. Ɗaya tana da fatar roba a ciki wadda ƙarfin ruwan ne ke ɗaga ta, kuma yawancin irinta suna buƙatar rabin ba zuwa ba 1. Idan aka ɗaura ta a duro za ta yi ƙara a kan lokaci, amma ruwa ba zai wuce ba, ko ya wuce ta kasa rufewa sosai. Ɗayar tana da ƙwallo mai huda a tsakiya wanda ɗan ƙaramin mota ke juyawa, kuma tana aiki ko da ruwan ba shi da matsi ko kaɗan. Gane su a shago ba shi da wuya. A ce wa mai shago, “Alhaji, don Allah a sa mata batir a buɗe ta in gani,” sannan a ɗaga ta a leƙa ta bakin da ruwa ke shiga. Mai ƙwallo za a ji motar tana juyawa na 'yan daƙiƙu, kuma za a hango haske ta ɗaya bakin, ita kuwa mai fatar roba ba a ganin komai ta cikinta. A duba kwalin kuma a ga mafi ƙarancin matsin da aka rubuta. Wanda ya fara daga sifili shi ake nema. Bayan an ɗaura, a yi mata rumfa ko a kife mata kwano, domin ranar Afrilu tana ƙona fuskar na'urar kuma tana cinye batir da wuri.

Abu na uku, wanda masu saye suka fi raina shi, shi ne matata. Ƙofofin ɗigo ƙanana ne ƙwarai, ruwan rijiyar burtsatse yana zuwa da ɗan yashi, ƙurar hunturu tana shiga duk tankin da ba a rufe ba, farin tanki ko jarka mai haske kuma suna haifar da gansakuka. Matata mai lamba 120 (lambar da ke nuna ƙanƙantar ramukan ragarta) da aka sa tsakanin tanki da taima tana tare wannan duka, kuma kuɗinta bai kai na taimar ba. Ana kwance ta a wanke sau ɗaya a mako, a kuma buɗe ƙarshen kowane layi sau ɗaya a wata ruwa ya kore dattin da ya taru. Duk wanda ya ce zai haɗa tsarin ɗigo ba tare da matata ba, kada a ba shi aikin.

Na'urar feshi mai juyawa tana burge ido, amma ba na ganin ta dace da lambun gida a Sakkwato. Tana buƙatar matsin da ya kai ba 2 ko kusa da haka, wato sai da inji, kuma iskar hunturu da zafin bazara suna kwashe wani kaso na ruwan tun bai sauka ba. Tana jiƙa katanga, tana tsirar da ciyawa ko'ina, tana kuma jawo wa tumatir cutar ganye. Amfaninta ɗaya shi ne a wurin renon iri ko fangalin latas. Haka nan na'urorin da ake sarrafawa daga waya: suna dogara da intanet da wutar da ba ta yankewa, kuma aikin da suke yi bai wuce na taima mai batir ba.

Famfon sola kuwa wata buƙata ce daban. Wanda ruwansa ke ƙasa, a rijiya ko a tankin ƙasa, shi ke buƙatarsa, kuma ƙaramin famfo mai bolt 12 da faifan sola mai wat 50 zuwa 100 yana iya ɗaga ruwan lambu irin wanda muka lissafa daga tankin ƙasa ko rijiya marar zurfi. Tsarin da ya fi ƙarko shi ne famfon ya riƙa cika tanki da rana, wani makunni mai yawo a kan ruwa ya kashe shi idan ya cika, sannan taima ta saki ruwan daga tankin. Ta haka ba a buƙatar babban batir, wanda shi ne ya fi tsada kuma shi ne zafi ya fi saurin lalatawa. Faifan yana son shara da ɗanyen tsumma duk bayan kwana biyu ko uku a lokacin hazo.

Akwai wani hatsari da ya kamata a faɗa wa filamba tun kafin ya fara aiki. Idan aka jona lambu kai tsaye da tankin gida, ranar da akuya ta fizge tiyo ko taima ta maƙale a buɗe, za a wayi gari babu ruwan alwala. Maganinsa shi ne a ware wa lambun duronsa, ko kuma a huda wa lambun mafita a tsakiyar tankin maimakon gindinsa, ta yadda ko me ya faru rabin ruwan zai rage wa mutanen gida.

Bayan an haɗa komai, kada a dogara da adadin da aka rubuta a kwali, domin an auna shi ne a matsin ba 1, kuma a duro mai tsayin mita 1 ƙofar da aka ce tana ba da lita 2 a awa ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. A sa gwangwani a ƙarƙashin ƙofa ɗaya a farkon layi, wani a ƙarshensa, a bar su minti 15, a auna abin da suka tara a haɗe a raba biyu, a ninka da huɗu sannan da yawan ƙofofin lambun, wannan shi ne ruwan da lambun ke samu a awa ɗaya. Idan aka gwada shi da ruwan da lambun ke buƙata a rana, za a san tsawon lokacin da za a saita. Idan gwangwanin ƙarshe ya tara ƙasa da na farko sosai, layin ya yi tsawo ko duron yana son ƙarin bulo. A ƙasa mai yashi gara a raba ruwan gida biyu, bayan asuba da kuma bayan la'asar, domin ruwa mai yawa a lokaci guda yana wuce saiwa ne kawai, kuma shan ruwa a kan ƙa'ida shi ne ke hana gindin ɗan tumatir yin baƙi ya ruɓe. A rufe tiyon da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, saboda baƙin tiyo da ya wuni a rana yana fitar da ruwan zafi a mintunan farko, amma a riƙa ɗaga ciyawar ana duba gara.

Lokacin da ya fi dacewa a sayi kayan shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, domin a dasa tumatir, kabeji da latas su ci moriyar sanyin Nuwamba zuwa Fabrairu, kuɓewa da alayyafo da yakuwa kuma su karɓi filin idan zafi ya shigo. A sayi ƙarin mahaɗai huɗu ko biyar na gyaran tiyo a ajiye, a bar tsarin ya yi mako biyu yana aiki a gaban ido kafin a yi tafiyar farko, kuma idan ruwan sama ya zauna a Yuli da Agusta a kashe taimar a cire mata batir.