Injin iska mai batir don kwanar da yabi: abin da yake iyawa da inda ya gaza

Yabi wani ɗan jatan lande ne mai taushin jiki, fari da ɗan ratsin ja, wanda ke haƙa rami cikin yashin bakin teku a gabashin Ostireliya. Tsawonsa bai cika wuce santimita 6 ba. A jihar Kwinsland ake ce masa yabi, a jihar New South Wales kuwa nipa suke cewa, wato mai tsunkuli, saboda ƙaton hannu guda da namijin ke tsunkuli da shi. Kada a haɗa shi da yabin ruwan daɗi na madatsu da koguna. Wancan mai taurin ɓawo ne, ya kwana cikin jiƙaƙƙen buhu ya tashi garau. Na ruwan gishirin nan ba shi da wannan juriya ko kaɗan, ga shi kuma ba koton da kifin waitin da birim suke so kamarsa, muddin yana motsi a bakin ƙugiya.

Matsalar daga teku take. Ba a samun yabi sai ruwa ya janye, a bi ramukansa da famfon ƙarfe ana zuƙo yashi ana fesawa cikin rariya. Idan janyewar ta faɗo da la'asar, fita su kuma sai asuba, to dole koton ya yi awa 12 zuwa 14 a hannu. Don wannan daren ne na sayi injin da nake sharhi a kai, na kuma yi ta aiki da shi zafi da sanyi.

Injin bai fi tafin hannu ba. Yana cin manyan batura biyu masu lamba D, yana da gudu biyu, da maƙali a baya, da siririn tiyo, da ɗan dutse mai huji-huji da ke fasa iska ta fito a ƙananan kumfa. Masu kiwon tarwada sun san irinsa. A ƙaramin gudu, sababbin batura sun kai mini dare biyu ba tare da kumfar ta yi rauni ba, kuma wannan abin yabo ne. Aikin da aka yi shi dominsa yana yin sa: ruwan da ba ya motsi, yabi 50 za su shanye iskarsa tun dare bai raba ba, amma da injin nan ba a samun wannan shaƙewar.

Sai dai duk wanda ya ɗauka injin kaɗai zai kwanar masa da koto, zai wayi gari da bokiti mai wari. Iska yake ƙarawa, ba ya kwashe ƙazanta, ba ya kuma sanyaya ruwa, alhali waɗannan biyun su suka fi kashe yabi.

A fara da ƙazantar. Yabi na fitar da amoniya cikin ruwan da yake zaune, wannan kuwa guba ce a gare shi idan ta taru. Abin ya fi muni idan akwai mai rauni a ciki. Famfo yakan murƙushe wasu, bayansu ya fashe, wani ruwa rawaya-rawaya ya riƙa tsatsowa daga jikinsu. Irin wannan ba zai kai safiya ba, kuma da ya mutu sai ya fara narkewa, ruwan ya yi duhu-duhu kamar ruwan wankin shinkafa, na kusa da shi su bi shi. Guda uku matattu sun isa su ɓata sauran. Saboda haka aikin tun a bakin ruwa yake farawa. A ɗauraye su cikin rariya har yashi da taɓo su fita. A ware duk wanda ya fashe ko ya saki jiki, a yi su da shi a ranar. Macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya a mayar da ita inda aka samo ta, don ita ce koton baɗi. Wasu na tsinke babban hannun namiji tun da yamma wai kada su yi faɗa. Ban yarda da wannan ba: rauni ne aka buɗe masa cikin ruwan da zai kwana. A bar shi sai an zo sa shi a ƙugiya.

Kada a zuba yashi cikin mazubin da sunan tausaya musu. Yashin bakin teku cike yake da ƙananan halittu da ruɓaɓɓen abu, yana cin iska, yana kuma ɓoye matattu.

Mazubi mai faɗi ya fi mai zurfi. Kula mai lita 25, da ruwa mai zurfin santimita 8 zuwa 10, ta ɗauki yabi 50 zuwa 60 ba su hau kan juna ba. A dogon bokiti kuwa cunkushewa suke a ƙasa suna tsunkulin juna. Ruwan ya zama na inda aka haƙo su, kuma a ɗebi ƙarin lita 20 a jarka mai tsabta lokacin da teku ke cikowa, don ya fi na janyewa tsabta. A canza fiye da rabin ruwan bayan awa biyu da isa gida, domin a lokacin ne suke amayar da abin da ke cikinsu. A sake canzawa kafin a kwanta, sannan da asuba. Kowane canji a duba da tocila a tsince matattu: sukan yi fari fat, su kwanta a gefe, ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin wutsiya sun daina kaɗawa. Jarkar ta zauna kusa da kular don zafin ruwan biyu ya zo ɗaya. Ruwan famfo ko na sama ba ya shiga wannan magana, kashe su yake nan take.

Sai zafi. Ruwan teku mai digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 7.4 a kowace lita, a digiri 30 kuwa ya sauko wajen 6.2, ga shi dabbar ta fi buƙatar iska idan ruwa ya ɗumama. A daren Disamba ko Janairu a kewayen Moreton Bay da ke gaɓar tekun Kwinsland, lokacin zafinsu ke nan, gareji na iya dafa ruwa ko injin na ta aiki. Maganin shi ne robar ruwa mai rabin lita da aka daskarar, murfinta a ɗaure tam, a naɗe ta da tsumma a ajiye a kusurwa. Kada a jefa ƙanƙara tsirara, narkewarta na tsarma gishirin, sanyin farat ɗaya kuma na sumar da su. Murfin kular a ɗan ɗaga shi, kada ya matse tiyon.

Injin kansa yana da aibu huɗu da ya kamata mai saye ya sani. Dutsen da ya zo da shi ba shi da nauyi, tiyo na ɗago shi sama ya riƙa hura banza. Sai an ɗaure shi da tsakuwa mai tsabta, ko a maƙale tiyon a bangon kula. Babban gudun ya yi wa ruwa mara zurfi ƙarfi, yana wujijjiga yabi yana juya su har su galabaita, don haka ƙaramin kaɗai nake kunnawa, dutsen kuma a can gefe guda. Ba shi da abin hana ruwa komowa: idan aka ajiye shi ƙasa da ruwan kuma batir ya mutu, ruwan gishiri na iya biyo tiyo ya shige cikinsa, shi ke nan an yi asararsa. A rataye shi sama, ko a sayi ɗan bawul ɗin da masu kifin ado ke sa wa tiyo. Na huɗu shi ne tsatsa, wadda ta fi ba ni haushi, domin ƙarafan da batir ke taɓawa ba a yi su don iskar teku ba, kuma marfin ba ya rufuwa ruf. A cire baturan bayan kowace fita, a goge wurin, a shafa ɗan man baselin. Ƙararsa ma ba kaɗan ba ce a kan katako, amma a ɗora shi bisa soso sai ta lafa.

Da waɗannan gyare-gyare ya ci kuɗinsa. Cikin 50 da aka tace da kyau, asarar da nake gani da safe ba ta wuce 'yan ƙalilan, sauran kuwa da ƙarfinsu, a taɓa su su naɗe wutsiya. Dare na biyu wata magana ce: jikinsu na yin laushi, su riƙa zamewa daga ƙugiya wajen jifa. Gara a ɗebi na kwana ɗaya kawai, a kuma kiyaye dokar jiha. A New South Wales iyakar mutum guda 100 ce. Duk lokacin da za a sa hannu cikin kular a fara wanke shi da ruwan teku, domin man kariyar rana da maganin sauro da ke fata suna kashe yabi. Bayan an dawo a jiƙa dutsen cikin ruwan daɗi, in ba haka ba gishiri ya bushe a hujinsa ya toshe shi kafin fita ta gaba.