Gargaɗi ga ƴan kasuwa: mai sayar da gurbin talla na bogi

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sana'a ku tsaya ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi, musamman mata masu turaren wuta da atamfa da kayan kicin don su ya fi hari. Akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup na WhatsApp yana cewa shi ejan ne na manyan shafukan labarai da manhajojin waya, wai zai ɗora muku talla a saman shafi wata guda cur, har da jerin farashi yake turowa, 728x90 kaza, 300x250 kaza, 160x600 kaza, duk don a ce ƙwararre ne. Ya cinye kuɗin ƙanwata da na wasu mata a gurup ɗinsu, kuɗin jari ne fa ba na banza ba, yanzu lambarsa ma ba ta shiga.

Lambobin nan na gaske ne, faɗi da tsawon hoton talla ne a ma'aunin fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo, kuma kowa zai iya kwafo su a shafin Google kyauta, sanin su ba shaidar komai ba ne. Ga inda dabarar take. 728x90 doguwa ce siririya da aka yi don saman shafi a kwamfuta, 160x600 kuma ita ce mai tsaye a gefe, to ita waya ina ta ga gefe? Abin da muke gani a waya shi ne 320x50 ko 320x100 can ƙasa ko sama, sai 300x250 da ke faɗowa a tsakiyar labari, sai kuma mai rufe fuskar waya gaba ɗaya. Shi kuma sai ya dage wa mutum ya sayi 728x90 wai ita ce ta manyan kamfanoni, ki biya ki buɗe shafin a wayarki ki ga wayam, ki kira shi ya ce haba Hajiya ai wannan sai a kwamfuta ake ganinta, alhali ya san sarai ba ki da kwamfuta kuma kwastomominki ma duk da waya suke shiga intanet. Ko da gaske ya saka ɗin ma asara ce.

Hoton shaida da yake turowa kuwa wallahi ba komai ba ne. A Chrome na kwamfuta kowa na iya danna Inspect, wato wurin da ake taɓa rubutun da ya gina shafi, ya musanya hoton da ke kan shafi da naki ya ɗauki hoto, a allonsa kaɗai abin yake, da an sabunta shafin ya ɓace.

Batun manhajoji ya fi ba ni haushi. Yawancin gurabun talla na cikin manhaja da shafuka gwanjonsu ake yi kai tsaye ta irin su AdMob da AdSense, tsarin sayar da talla na Google, kafin ƙiftawar ido an gama, shi ya sa ni da kai za mu buɗe shafi ɗaya kowa ya ga talla daban. Ba wani ɗan tsakiya da zai kama miki gurbi wata guda sai in mai shafin ne ya sayar, da kansa ko ta wakilin da ya amince da shi. Amma shi wannan gaskiyar yake juyawa ya ce ai tallar zagayawa take yi, ki yi haƙuri za ta zo kanki. Wasu irinsa ma sukan matse tallar zuwa 1x1, wato ɗigo ɗaya tak, a wani shafinsu da ba mai shiga, ko su jibga talla kan talla, inji ya yi ta ƙirga wai an gani alhali ba idon da ya sauka a kai.

In kuna son talla a wani shafi ku nemi masu shi ta adireshin da ke kan shafin nasu, ku tambayi girman da ke fitowa a waya, kar ku tura kuɗi asusun mutum ɗaya, kuma ku buɗe shafin da wayarku ku gani da idonku. Waɗanda suka riga suka biya kar ku goge hirar da rasit, ku kai wa bankinku ƙorafi da wuri sannan ku haɗu ku kai ƙara wurin ƴan sanda ko EFCC. Don Allah a tura wa sauran gurup.